A Kusanto Da Awon Dalma Ga Garuruwan Masu Haƙar Zinare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan awon gubar dalma a jinin yara, al'amarin da muka yi watsi da shi tun da ƙura ta lafa.

A shekarar 2010, lokacin da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma, cikin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, domin alamun sun yi kama: amai da jijjiga da suma. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa aka auna jini aka gano cewa dalma ce, wadda ke cikin dutsen zinaren da ake dakawa a turmi a tsakar gida, ƙurarsa na sauka a kan tabarma da kwanon tuwo, yaro mai rarrafe kuma yana kai hannu baki. Fiye da yara 400 suka rasu. Na'urar awon dalma da aka kai ƙauyukan iyakarta maikurogiram (ɗan ƙanƙanin ma'aunin nauyi) 65 a kowace desilita ta jini (kashi ɗaya cikin goma na lita), kuma jinin yara da yawa ya wuce abin da za ta iya karantawa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 ya kamata a binciki inda gubar ke fitowa. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron da bai suma ba. Yana wasa, yana cin abinci, amma dalma tana cin ƙwaƙwalwarsa a hankali, har ya shiga makaranta malam ya ce masa daƙiƙi. Ido ba ya gane wannan, sai awo. Ya kamata kuma a haɗa da awon sinadarin ƙarfe, domin hanjin yaron da ke da ƙarancinsa ya fi tsotsar dalma, ga shi kuwa ƙarancin jini ya zama ruwan dare a karkararmu.

Har yau ana haƙar zinare. Ina kira ga ma'aikatun lafiya na Zamfara da Neja su ajiye wannan na'ura da kayan aikinta a kowane babban asibiti da ke kusa da ramukan haƙa, a riƙa auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu kyauta, a ranakun rigakafi da awon ciki.

Wassalam.

Mai karatu daga Gusau