A Duba Hanyar Hana Ƙwarin Gona Haihuwa

Malam Edita,

Ina neman ɗan fili in ja hankalin hukumomin noma kan wata dabarar yaƙi da ƙwari wadda ba ta bukatar feshin guba. Ana kiwon ƙwarin da yawa, a haska wa mazan hasken gamma, wani irin hasken nukiliya mai ratsa jiki, har su kasa haihuwa, sannan a sake su cikin gonaki; macen da ta sadu da irin wannan namiji za ta yi ƙwai, amma ba zai ƙyanƙyashe ba, sai zuriyar ta riƙa raguwa. Ƙwaron da aka haska ba ya ɗauke da guba. Da wannan hanya aka kawar da ƙudan tsando daga Zanzibar a 1997, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya.

Mu a nan Maradi ƙudan 'ya'yan itace yana ruɓar mana da mangwaro a lambunan Gulbi, kuma kuɗin maganin feshi ya fi ƙarfin talaka. Na sani dabarar tana da tsada, kuma sai an haɗa yanki mai faɗi take aiki, domin ƙwaro bai san iyakar gona ba. Duk da haka ina roƙon masu bincike na INRAN, wato cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su nazarce ta.

Naka mai karatu,
daga Maradi