Masu sayen motar hannu a Garwa, a duba takardu kafin fenti

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in ja kunnen 'yan uwana masu tara sefa don sayen motar hannu. Yawancinmu fenti muke kallo, dillali ya goge mota tana sheki shi ke nan an mika kudi, alhali matsalar tana cikin takardu. In an ce daga Duwala ko Kwatano ta shigo, ka ga takardar duwan, wato ta kwastan, da idonka, ka gwada lambar shasi da wadda ke kan kart giris, wato takardar rajistar motar, in ba haka ba jandarma su tsare ka a hanyar Marwa ka yi ta biya har kudin ya fi na gyara.

Ni dai a ganina mai karamin karfi ya tsaya kan Toyota, Corolla ko Carina, don kayan gyaransu ko'ina akwai kuma kowane makaniki ya san su. Ka je da makanikinka, ba na dillali ba, a tada injin da sanyin safiya a ga kalar hayaki, a leka lagireto saboda zafinmu na Afrilu ba ya raga wa inji. Kuma kar ka zuba kudinka duka, ka rage na taya da inshora.

Naka,
Wani mai karatu daga Garwa