A mayar da gidajen tarihi wuraren karatu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi kira ga malaman makaranta da masu kula da gidajen adana kayan tarihi.

Yaro zai haddace cewa mutanen da suna gina tukwane da hannu, ya rubuta a jarrabawa, ya manta. Amma tsayar da shi gaban tukunyar da ta shekara ɗaruruwa, ya ga sawun yatsan maginiyar a jikin yumɓun, nan take tambayoyi za su ɓarke: da me aka gasa ta? Me ake zubawa ciki? Gani ya kori ji.

Tun 1977 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta ware 18 ga Mayu a matsayin ranarsu. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, wanda aka kafa a 1753, kyauta ake shiga, don kowa ya ƙaru.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kai ɗalibai ziyara: a jera su, a hana su magana, a ɗauki hoto, a koma. Wallahi asara ce. Kamata ya yi malami ya fara zuwa shi kaɗai, ya zaɓi abubuwa kaɗan da suka dace da darasinsa. Masu gidajen kuma su rubuta bayanin kowane abu da harshen da yaran ke ji, su tanadi kwafin wasu kayan da za a iya taɓawa.

Naka,
Wani malamin firamare