Zuwa ga Hajjo, kan zancen famfas ɗin nan

Mancesta, Ingila

Assalamu alaikum Hajjo,

Ya gida, ya yaran, ya ƙoƙari? Ki gaida min Umma da kyau, ki ce mata 'yarta tana nan da ranta, sanyin garin nan bai ga bayanta ba tukuna. Saƙon muryarki na saurare shi tas, har inda kika ce wai na zama Baturiya na daina kula mutane. Allah Ya shirye ki. Ke da kika yi goyo uku kin fi kowa sanin yadda jego yake cinye mutum, balle a ƙasar da babu mai karɓar miki yaro ko na shiga wanka. Da na ɗaga waya Nana take buɗe ido, shi ya sa na bari ta yi barci na zauna rubuta miki.

Kin ce in binciko miki famfas ɗin nan mai ruɓewa da kika gani a Instagram, in ya yi in turo kwali-kwali ki zuba a shago, wai matan Nasarawa za su yi rububinsa. Wallahi kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi, don zancen da ya hana Abban Nana sakat ke nan a gidan nan.

Abin ya samo asali ne daga ƙurajen da suka feso wa yarinyar a matsematsi. Wajen ya yi jajur, ko ruwa ya taɓa sai ta canyara kuka. Ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa gida duba jarirai ta ce in riƙa canja mata da wuri, in bar ta ba komai ta sha iska, in wanke da ruwa zalla. Na ce a raina, mu da buta muka tashi, wannan ba sai an koya mana ba. Amma tun daga nan na koma karanta bayan kowace leda a kanti, ina tsaye da keken yarinya ina tare wa mutane hanya. Kowanne da hoton ganye, kowanne kore shar, wannan ya ce da gora aka yi shi, wancan ya ce da masara. Kuɗinsu kuwa ya ɗara na gama-gari nesa ba kusa ba.

Rannan na sa almakashi na farke guda biyu a kan teburin kicin, na gama-gari da mai hoton ganyen. A cikin kowanne akwai wani abu fari mai laushi da ake yi da ɓargon itace, a tsakaninsa kuma wasu 'yan ƙwayoyi masu sheƙi. Na tsiyaya musu ruwa, nan take suka kumbura suka yi kauri kamar kokon da ya kwana. Abban Nana ya shigo ya same ni da cokali ina juyawa, ya tsaya ya ce, "Lafiya dai ko?" Shi ne ya yi min bayani, tunda fanninsa ne, cewa waɗannan ƙwayoyin su ne ke riƙe fitsari, kuma daga man fetur ake samo sinadarinsu, ba sa zama taki. To ga su nan a cikin duka biyun. Haka robar da ke kama cinya, haka abin mannewa na gefe. Abin da ya bambanta mai tsadar shi ne shimfiɗar da ke taɓa fata da ta bayansa, su ne aka yi da tsiro. In kin lura da kyau, yawancinsu ba sa cewa duka zai ruɓe, sai dai su rubuta kashi kaza cikin ɗari da ƙananan baƙaƙe. Wani ma ledar da aka zubo su a ciki ce kawai mai ruɓewar.

Ko ɓangaren da ke ruɓewar ma, Hajjo, ba a bayan gida yake yi ba. Turai suna da ƙa'ida mai lamba EN 13432, kuma ita ana auna ta ne da yanayin masana'antar taki: zafi wajen digiri 58, danshi, ana juyawa iska na shiga. A haka ne ake son abu ya dagargaje cikin mako 12, kashi 90 cikin 100 nasa ya narke cikin wata 6. Mu nan muna da kwandon shara har huɗu a ƙofar gida, koren na ragowar abinci da ciyawa ne, shi ake kaiwa a yi taki, kuma ba a yarda a sa famfas a ciki ba ko da wane iri ne, saboda kashin mutum. Sai dai kwandon mai launin ruwan toka, na sauran shara. Shi kuma mako biyu-biyu ake kwashewa, ki ƙiyasta warin da kanki. Daga nan sai wajen ƙona shara a samar da lantarki, ko ramin binnewa, inda ake danne komai babu iska, abin da ya ruɓe ma sai ya fitar da iskar da ke ƙara ɗumamar duniya. Wato mai tsadan da mai arahan mota ɗaya suke hawa, waje ɗaya suke sauka. Ana ƙiyasta famfas biliyan 3 ake zubarwa a Birtaniya duk shekara, yaro ɗaya kuma yana cin tsakanin 4,000 zuwa 6,000 kafin ya iya fo. Da na ji haka sai da na kalli Nana na ce, ke kaɗai?

Ba wai babu masu ƙoƙari ba. A Wales akwai kamfanin NappiCycle da ke karɓar wanda aka yi amfani da shi, ya wanke ya ware zaren, har a 2022 aka haɗa da kwalta aka gyara wani yanki na titin A487 da famfas sama da 100,000. Birnin Toronto na Kanada ma suna karɓarsa a kwandon taki, injinsu ne ke tsince robar. Amma ni ba a Wales nake ba, ke kuma ba a Toronto kike ba.

Af, kafin in manta, da gaske ne an sa ranar Rabi? Kuma da wannan mutumin dai, mai jar motar? Ni a hoton status na gani, babu wadda ta ga damar faɗa min a cikinku. Ki ajiye min anko, yadi biyar, kada ki ce ai ba zan zo ba. Kuma ki faɗa wa Zulai na ga abin da ta rubuta a ƙarƙashin hoton sunan Nana, zan rama, lokaci nake jira. Wankan jego kuwa kada ki tambaya. Hajiyar su Abban Nana ta zo da niyyar tafasa ni safe da yamma, ta tarar babu tukunyar ƙarfe, babu itace, babu ganyen darbejiya, sai ruwan famfo mai zafi. Kullum sai ta ce wannan ba wanka ba ne, jiƙa jiki ne. Kunun kanwa dai ban tsira ba, don da gerenta da kanwarta ta sauka.

Ita ce ma ta kashe gardamar famfas ɗin ba da niyya ba. Tana ganin ina ta lissafi, sai ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, ta ɗora Nana a kai bayan ta sha nono, ta sa ƙaramin roba a ƙasa, tana yi mata 'yar shewa. Yarinya ta yi abinta. Yanzu kusan duk safiya haka muke yi, kashin safe ba ya shiga famfas. Maƙwabciyata ta gani ta riƙe baki, ta ce ai akwai masu biyan kuɗi a koya musu wannan. Hajiya da na fassara mata ta yi dariya har da hawaye, ta ce a ba ta kuɗin ita.

Sai na koma ƙunzugu da rana. Ba irin na da ba mai fil da wandon roba, na yanzu ɗinkakke ne da maɓallai, ana ƙara masa girma yadda yaro ke girma, a zura tsumma mai tsotse ruwa a ciki. Ma'aikatar muhalli ta nan ta fitar da bincike a 2023 da ya nuna na wankewa ya fi na yarwa sauƙin illa ga ɗumamar yanayi da kusan kashi 25 cikin 100, amma ya fi cin ruwa da wuta, saboda injin wanki da na busarwa. Nan ne na yi miki hassada. Mu garin nan ruwan sama ba ya gajiya, ƙunzugu na rataye a kan hita, falo duk ya zama wajen shanya. Ke kuwa kafin ki gama wanke-wanke rana ta busar miki kyauta. Na san za ki ce ruwan fa, mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka. Gaskiyarki, wannan ki lissafa da kanki.

Da daddare da in za mu fita ina sa mata na yarwan, kuma mai hoton ganyen nake saya har yanzu, amma don fatarta nake saya. Abin da nake dubawa: kada a sa turare ko man shafawa a ciki, a rubuta ba a wanke shi da sinadarin bilic ba, a ga tambarin FSC da ke nuna daga dajin da ake kula da shi aka samo itacen, sannan a faɗi kashi nawa ne na tsiro ƙarara. Wanda ya tsaya a "aminin muhalli" kawai ba adadi, ina mayar da shi kan kanta. Zancen turaren ba tsirfa ba ce, a farkon 2019 hukumar kula da lafiyar abinci da muhalli ta Faransa ta duba gwajin da aka yi wa famfas iri-iri ta samu sinadarai da ba a so, ta nemi kamfanoni su cire turare. Sauran kuma sai kin gwada a jikin yaro, don wani ya yi wa ɗan wata kyau ya yi wa taki yoyo har zanin gado.

To batun shago. In don ki ce wa mata ba turare, mai taushi ne, wannan gaskiya ce, sai dai ki haɗa kuɗin fam da na jirgi da na kwastan ki ga ko akwai mai saya karo na biyu. Amma kada ki ce musu zai zama taki, don a ƙulle a baƙar leda za a jefa shi bola, ko ya bi ruwan damina ya toshe kwatar layinku tare da 'yan'uwansa, akuyar Malam Audu ta ja ragowar zuwa ƙofar gidanku kamar kullum. Ni da zan ba ki shawara, bari in turo miki ƙunzugun zamanin nan guda biyu ki kai wa telarki ta farke ta ga yadda aka yi. Yadin tawul yana nan a Kwari, abin da zai ba ku wuya shi ne yadin bayan da ba ya yoyo da maɓallan, su zan iya nemo miki. Ki fara da kaɗan ki gani. In ya karɓu ina da kashi, kada ki ce ban faɗa ba.

Yaya Sani zai taso ƙarshen wata. Ki haɗo min kuka da kuɓewa busasshiya da yajin Umma, daddawar kuma a naɗe ta da kyau, wancan karon duk kayansa sun ɗauka har ya yi rantsuwa. Kada ki sa kilishi, ba a shigo da nama nan, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Akwai wani abu da kika tambaya a ƙarshen saƙon, kan makarantar Khalifa ne ko kan kuɗin adashi? Sake turo min. Ga mutuniyar ta fara motsi.

Taki,
Maman Nana