Wasiƙa daga Mai Wurno

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiyar Allah, duk da yaƙin da ya dabaibaye Sudan tun 2023.

Ka ce kana mamakin yadda duk yawan Hausawan Sudan ba ka taɓa cin karo da littafin ɗayanmu da Hausa ba. Ni da nake koyarwa, a cikin aji nake ganin dalilin.

Tun da Turawan Ingila suka buɗe Kwalejin Gordon a 1902, sannan makarantar horar da malamai ta Bakht al-Ruda a 1934, mai mulki ne ke zaɓar abin da yaro zai karanta. Su Turawan akawu suke bukata, akawu suka horar. Da Janar Umar al-Bashir ya ƙwaci mulki a 1989, shekara na zagayowa aka mayar da karatun jami'a da Larabci. Kada ka ɗauka ƙin Larabci nake yi, harshen Alƙur'ani ne, da shi su Shehu suka yi wallafa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, garin nan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan ya yi hijira daga ƙasar Hausa sakamakon yaƙin Burmi na 1903 da Turawa, amma a littattafan tarihin da na koyar ban taɓa ganin labarin wannan hijira ba. Yaro ya tashi yana jin ana ce masa Fallata, sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma da shi a nan, littafinsa kuma ya yi shiru a kan kakansa.

Kundin tsarin mulki na 2005 ya ce duk harsunanmu na ƙasa ne, maganar ta tsaya a takarda. A 2021 ma, da Firaministan lokacin Hamdok ya dakatar da sabuwar manhaja har shugaban cibiyar tsara manhaja Umar al-Garrai ya yi murabus, kan zanen wani Bature a littafin tarihi aka yi ta cacar baki.

To, saurayi mai baiwar waƙa da wane harshe zai rubuta? Jarida da maɗaba'a da masu karatu duk Larabci suke jira. Ajami ya koma hannun tsofaffi, kuma suna ƙarewa.

Don Allah in ka sami mai zuwa, aiko mini da littattafan Hausa na yara, in da na ajami ya fi. Zan riƙa karanta musu bayan la'asar.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Amininka