Ƴan uwa, barkanmu da sanyi

Assalamu alaikum. Kwana biyu rukunin nan ya yi tsit, har gaisuwar safe ta ragu. Na san dalili: gari na wayewa a makare, duhu na shigowa da wuri, jiki duk ya mutu. Ba lalaci ba ne, ƙarancin hasken rana kan taɓa barci da walwalar zuciya.

A arewacin duniya yini mafi gajarta yakan faɗo 21 ko 22 ga Disamba. Daga nan haske ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan, ko da yake sanyin ya fi cizo a Janairu, don ƙasa da teku ba sa ɗumama da wuri. Wajen 20 ga Maris dare da yini sun daidaita, bazara ta shigo.

Jiya na tsaya gindin wata bishiya da ta kaɗe ganyenta tas, sai ka rantse ta mutu. Da na matsa kusa da reshen, sai ga ƴan ƙullutu a rufe ruf, toho ne ke jiran lokacinsa. Wallahi na daɗe ina kallonsu, har zuciyata ta yi fes. Itatuwa irin su tuffa ma ba sa fure sosai sai sun sha sanyin nan.

Don Allah a fita a sha hantsi. Wanda ke zaune shi kaɗai, musamman dattawanmu, a kira shi a ji muryarsa. Mai rarar bargo ya faɗa a nan, mu haɗa mu kai wa mabuƙata. Kuma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta wari, kuma tana kisa.