Kafin Ka Sayi Na'urar Sanyi Mai Ruwa, Duba Fankarka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da masu kwamfutar tebur, musamman masu tace finafinai da masu ɗaukar murya a situdiyo, waɗanda gurnanin fanka ke shigar musu makirfo. Da an yi kukan ƙara, shawarar da ake fara bayarwa a kasuwa ita ce a sayi na'urar sanyi mai ruwa don sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. A ganina kuɗin da bai kamata ba ake kashewa. Mai ruwa tana da famfo, famfo yana da tasa ƙarar, kuma ranar da ya mutu furosesa za ta ɗau zafi nan take. Mai iska kuwa abu ɗaya ne ke motsi a jikinta, wato fanka, ita ma idan ta lalace a canza ta a ci gaba da aiki.

Asalin ƙarar daga gudu take. Ƙaramar fankar da ke zuwa a kwalin furosesa dole ta yi juyi dubu biyu ko uku a minti kafin ta ture zafi, domin ƙarfen da ke ƙarƙashinta ƙarami ne. Fanka mai faɗin milimita 120 ko 140 tana tura iskar da ta kai wannan a juyi 800 zuwa 1,000. A lissafin masu ƙera fanka, idan aka rage gudunta da rabi ƙararta na sauka da kusan desibel 15, abin da kunne ke ji a matsayin ƙasa da rabin ƙarar farko. Saboda haka dabarar ita ce babban hitsink, wato ƙarfen da ke zuƙe zafin furosesa, da fanka mai tafiya a hankali.

Irin wanda ake nema shi ne mai tsayi, mai bututan tagulla huɗu zuwa shida. A cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa da aka rufe bayan an zuƙe iska. Zafin furosesa na mayar da shi tururi, tururin ya tafi wajen faifan alminiyam ya huce, ya dawo ruwa ya sake zagayowa. Ga furosesa mai wat 65, Cooler Master Hyper 212 ya wadatar. Mai aiki da manyan furosesoci irin su Core i7 ko Ryzen 9 ya nemi mai hasumiya biyu, kamar Thermalright Peerless Assassin 120, ko Noctua NH-D15 na kamfanin ƙasar Ostiriya wanda ya fito a 2014, in aljihu zai ɗauka. Kafin a biya kuɗi a auna faɗin akwatin. NH-D15 tsayinsa milimita 165 ne, kuma akwatuna da yawa murfinsu ba zai rufu a kansa ba. A duba tsayin RAM, wato ma'adanar wucin gadi da ke gefen furosesa, domin fankar gaba kan zauna a kanta. A kuma tabbatar ƙarafan ɗaurin sun dace da mazaunin furosesa, ko AM4, ko AM5, ko LGA1700, musamman idan kayan na hannu ne.

Akwai abin da masu karanta sakamakon gwaji a intanet ke mantawa. Gwaje-gwajen nan ana yin su ne a ɗaki mai sanyin digiri 20 zuwa 25. Iska ba ta iya sanyaya abu ƙasa da nata zafin, don haka duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, furosesa ma ta ƙaru da kusan ɗaya. Na'urar da ta ba wani 70 a ɗaki mai 22 za ta ba ka wajen 85 a shago mai 37 cikin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato. Na'urar lafiyarta ƙalau, ɗakin ne da zafi. Shi ya sa a nan ya fi kyau mutum ya sayi hitsink da ya ɗara abin da takarda ta ce furosesarsa na buƙata. Kuma kada adadin ya firgita kowa: yawancin furosesocin Intel na tebur iyakarsu digiri 100 ce, yawancin Ryzen 7000 kuwa an tsara su su kai 95 a aiki mai nauyi ba tare da illa ba.

Wajen ɗaurawa nan ake yawan ɓata aiki. A ƙasan sabon hitsink akwai ledar kariya marar launi, idan aka manta da ita zafi zai haura iyaka cikin daƙiƙu. A goge tsohon man da ake shafawa tsakanin furosesa da hitsink da sinadarin aisofrofil da tsumma marar gashi, a ɗiga sabo a tsakiya kamar ƙwayar waken suya, a bar matsin ƙarfen ya baza shi. Man goge baki ko giris da wasu ke sawa bushewa ko zubewa suke yi, ba aikinsu ba ne. Kusoshi a ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan juyi biyu, na kishiyarsa juyi biyu, har su tsaya. Wanda ya ƙure gefe ɗaya tun farko zai karkatar da ƙarfen, sai a ga wasu sassan furosesar sun fi wasu zafi da yawa. Fanka ta hura iska zuwa bayan akwati, inda fankar fitarwa take, kuma wayarta ta shiga ramin da aka rubuta CPU_FAN.

Daga nan sai BIOS, shafin saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, wanda shi ne gyaran da ba ya cin ko sisi. A wajen zaɓin yadda ake sarrafa gudun fanka, wadda wayarta ke da fil huɗu a sa ta a PWM, mai fil uku a DC. Idan aka bar mai fil uku a PWM za ta yi ta gudu a ƙure dare da rana. Tsarin da kamfani ke sawa yana ɗaga gudu tun furosesa na wajen digiri 50, alhali a bazararmu tana kusan wurin ko ba a aikin komai. A mayar da shi kashi 35 cikin ɗari har zuwa digiri 60, ya hau a hankali zuwa kashi 60 a digiri 80, ya ƙure a 90. Inda babban allon kwamfutar (madabod) ya ba da dama, a sa jinkirin daƙiƙa uku zuwa biyar kafin gudu ya canza, domin tashi da saukar fanka ya fi damun kunne fiye da amo guda da bai canzawa. Masu Ryzen su gwada Eco Mode, saitin da ke rage cin wuta, masu Intel su rage iyakar wat. Abin da ake rasawa na sauri kaɗan ne idan aka kwatanta da zafin da ke sauka. A gwada da manhajar Cinebench, mai ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, na minti goma, ana kallon zafin a manhajar HWiNFO.

Ƙura kuwa, wanda ya ga cikin kwamfuta bayan hunturu ya san zancen. Takan yi tabarma tsakanin fanka da faifan hitsink, iska ta kasa wucewa, fanka ta ƙara gudu a banza. Cire murfin gefe ba magani ba ne, ƙofa ce aka buɗe mata. A sa fankoki biyu masu shigar da iska ta gaba, a bayan ragar tacewa, da ɗaya mai fitarwa ta baya. Idan mai shiga ta fi mai fita yawa, iska ce za ta riƙa fita ta ƙananan ramuka maimakon ƙura ta shigo. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a wanke raga duk wata a lokacin hazo. Idan za a hure da bulowa a kashe wuta, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima ta kashe mata boris.

Manyan hitsink suna da nauyi, NH-D15 ya haura kilo ɗaya. Mai ɗaukar kwamfuta a mota ko a Keke Napep ya kwantar da ita allon yana ƙasa, in tafiyar mai nisa ce ya kwance hitsink ɗin gaba ɗaya. Idan an yi duk wannan har yanzu ana jin ƙara, a kasa kunne wajen katin hoto da fawa sufulai, wato na'urar da ke rarraba wuta a cikin kwamfuta, domin fankokinsu ne ke fitowa fili bayan ta furosesa ta yi shiru.

Na gode da wannan dama.

Mai gyaran kwamfuta,
Kano